Shirun Radiyya

Litinin 7 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe

Wannan kaye, wato littafin rubutu, ba nawa bane. Na Radiyya ne, ɗiyata, shekararta shida. Madam ɗin Yamai mai koya mata magana ta waya ita tace mu saya, duk kalmar da yarinya ta faɗa mu rubuta. Mun kai talatin da ɗaya. Ruwa, Baba, moto, a'a, shayi, da Anna, wato uwarta da Tamajak. Wasu a karkace suke fitowa amma mu mun gane. To tun ranar Asabar ba a ƙara ko ɗaya ba. Mai kalmomin ma bata gidan, uwarta Dassin ta ɗauke ta sun tafi Akokan gidan ƙanenta Ghissa. Kaye kuma ga shi da sauran takarda, bazan bari ya zauna banza ba.

Ni ne Muktari Rediyo, ɗan Damagaram. Duk Arlit in kace Rediyo ko akuya ta sanni. Kabu-kabu nake da moto, wato babur, shekara goma sha ɗaya ban taɓa kada mutum ba sai wani alhaji guda, shi ma babbar rigarsa ce ta kada mu. Lakwal, wato makarantar boko, a aji uku na sauka, don haka yadda magana ta fito daga baki haka zata sauka a takarda.

Zuwa Laraba zasu dawo. Na san matata.

Laraba 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Basu dawo ba. Zafi ne. Wa zai fito da yarinya cikin wannan rana.

Alhamis 10 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Ina inuwar butik, wato kanti, ina jiran fasinja, bari in rubuta sunan ciwon kar in manta. Aparaksi. Sau biyar madam ta maimaita min. Radiyya ba kurma bace, in ka buɗe ledar biskit a bayan gida tana ji. Ba wauta bace, ita ke nemo min makullin moto kullum, wayata ma ta fi ni iya ta. Maganar na cikin kanta cif, bakin ma lafiyarsa lau, ka bata nama ka gani. Hanyar da ke tsakanin kai da baki ce bata da kyau. Nace madam, kenan kamar hanyar Agadez, kaya na cikin mota, direba na nan, amma ramuka. Tayi dariya tace wannan bayani ya fi na littafi. Ni fa da nayi karatu da yanzu ni ke koyar da su.

Mutanen gari kowa da nasa. Wani yace ƙurar iraniyom ce, ku bar garin. Wani yace tukunyarku ce, da ƙarfen ma'adini aka ƙera ta. Wata tace harsuna sun mata yawa, uba Hausa uwa Tamajak. Wanzami yace a kawo ta ya yanke zaren ƙarƙashin harshe. Madam tace kar wanda ya taɓa mata harshe, kuma kar a hana ta yaren uwarta. Na tambaye ta zancen ƙura, tace bazata rantse min a kan abin da bata sani ba, amma yara irin Radiyya suna nan har a garuruwan da babu ma'adini ko ɗaya. Magani guda ne, maimaici. Kaɗan kaɗan, kullum, tana kallon bakin mutum.

To bakin wa ya kai nawa a garin nan? Yarinya tayi sa'ar uba.

Juma'a 11 ga Afrilu, bayan masallaci

Naje Akokan. Garin tun da aka rufe ma'adininsu ya zama shiru, ƙarar motona kaɗai ke yawo a layi. Na kai mangwaro shida da yawur mai sanyi, wato yogot. Ghissa baya nan, ya kai ruwa Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya, sai ƙarshen wata. Matarsa ta shimfiɗa min tabarma ta shige ɗaki.

Dassin ta fito. Nace, "Uwargida sarautar mata, gidanki yana gaishe ki, tukwane sun ce in tambaya laifin me suka yi."

Bata yi dariya ba. Shekara tara wannan matar ko atishawa nayi tana dariya.

Tace, "Radiyya ya ji ka, Muktari. Yana bayan rumfa ranar suna. Duk ya ji."

Hausar Dassin kowa ya ne, mace da namiji. Da can ina tsokanarta da haka. Yau ban ma tuna ba sai yanzu da nake rubutawa.

Radiyya ta leƙo daga ƙofa. Nace, "Ina gimbiyar Arlit? Zo kice moto in ɗora ki." Ta kalle ni. Ta sa tafin hannu ta rufe bakinta. Bata yi kuka ba, bata gudu ba. Ta rufe kawai.

Mangwaron dai sun karɓa. Alama ce mai kyau.

Asabar 12 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Fadarmu ta shan shayi ta cika yau. Mano ke shayi, shi ne wanda akayi sunan ɗansa Asabar da ta wuce. Yace, "Rediyo, wallahi kai ka tashi sunan nan. Har yau surukina in ya tuna sai ya riƙe ciki. Yi mana kuma, kwaikwayi mana Ghissa yana sayen esansi a gidan mai."

Duk suka ɗauka, ayi ayi.

Nace maƙogwaro ke min ciwo. Na basu labarin alhaji da babbar riga, sunyi dariya amma ta ladabi ce, na san bambanci.

Lahadi 13 ga Afrilu, da safe

Na dafa shinkafa. Ta ƙone daga ƙasa, daga sama bata nuna ba. Ba kowa ya iya wannan ba.

Talata 15 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Yau ranar madam ce. Ta kira bidiyo kamar kullum, ta ganni ni kaɗai da bango. Tace ina ɗalibata. Nace taje hutu Akokan, zafi ya ɗan sa ta shiru.

Tace, "Malam Muktari, na riga nayi magana da Dassin."

To me ya rage. Nace madam kalmomin sun zube ne? Talatin da ɗayan nan shekara biyu muka yi muna tara su. Tace basu zube ba, suna nan, riƙe su tayi. Tace yaro irin wannan kowace kalma sai yayi mata dabara kamar mai hawa katanga, in ya ga ana dariyar masu hawa sai ya zauna a ƙasa. Tace kar a matsa mata, kar a ce faɗi kaza in baki kaza. In ta nuna da hannu a amsa mata kamar tayi magana.

Nace, "Madam, tsakani da Allah, in ta girma zata yi magana kamar mutane?"

Tace bata sayar da alkawari. Tace da yawa cikinsu in aka dage suna kaiwa inda kowa zai gane su, suyi lakwal, suyi sana'a. Wasu ɗan saura yana binsu har girma, in sun gaji ko kalma tayi tsawo. Wasu karatu ke basu wahala, sai a sa ido tun da wuri. Amma duk wannan sai yaro yana son gwadawa. Tace, "Wannan ne aikin yanzu, kuma ba ta waya ake yinsa ba."

Na so in bata amsa mai daɗi. Reso, wato sabis ɗin waya, ya yanke. Allah ya taimake ta.

Laraba 16 ga Afrilu, bayan azahar

Bari in faɗi gaskiya ko kaye ya sheda. Ƙanen mata abokin wasa ne. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka muka tarar. Tun ranar ɗaurin aurena Ghissa ke ce min tulu saboda cikina. Ya taɓa ɓoye min takalmi a masallaci na taka ƙasa mai zafi har gida. Ya taɓa zuba min gishiri a shayi gaban baƙi. Nayi fushi? Ba a fushi. Wanda yayi fushi da abokin wasa shi ne abin kunya. A wurin sunan ma yana zaune, yayi dariya, ya rama da zancen tulu. Dattawa na nan, liman na nan, ba wanda yace Muktari kayi laifi. Ko mutum ɗaya.

To ina laifina.

Laraba dai, bayan la'asar

Yarinya 'yar shekara shida ina ta san wani abokin wasa.

Asabar 19 ga Afrilu, ƙarfe 11 na safe

Akokan kuma. Na kai balan-balan ja. Na zauna a tabarma nayi mata kukan jaki, nayi na raƙumi, nayi tafiyar jandarma mai ciwon baya. Matar Ghissa har ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Radiyya tana jikin uwarta tana kallona kamar mai kallon talabijin da aka kashe wa murya.

Da zan tafi Dassin ta rako ni bakin ƙofa. Tace in Ghissa ya dawo, in har yarinya bata buɗe baki ba, zai kai su Iferwan wurin tsohuwarsu, can garka, wato lambunsu. Nace kwana nawa. Tace, "Har ya yi magana." Nace Iferwan ina reso mai ɗaukar bidiyo, ina madam? Tace, "Can ba mai kwaikwayo."

Nace mata ni Rediyo kafin ƙarshen wata zan sa yarinyar nan ta yi surutu har a roƙe ta ta yi shiru. Na faɗa da ƙarfi. A hanya na wuce kwanar gidanmu ban sani ba sai da na ganni a tasha.

Litinin 21 ga Afrilu, da safe

Fasinja goma sha huɗu jiya, ba wanda na ba labari. Wata tsohuwa tace ɗana ko baka da lafiya.

Laraba 23 ga Afrilu, ƙarfe 3 na rana

An ɗauke wuta, ɗaki kamar tanda. Na buɗe kayen daga farko ina duba rubutun Dassin, nata ya fi nawa kyau. Ranar da Radiyya ta fara cewa moto na tuna. Wata uku tana cewa oto, toto, wani lokaci bakin ya buɗe ya rufe ba abin da ya fito, leɓe na neman wurin zama. Ranar da ta same shi na ɗora ta muka zaga Arlit sau biyu ina danna oda.

Leɓen nan mai neman wurin zama. Shi ne abin da na fi iyawa in ina yin Ghissa. Shi ne wurin da mutane ke faɗuwa daga kujera. Shekara tara ina yi, shekara biyu ina kallonsa a fuskar ɗiyata kullum da safe, kuma wallahi ban taɓa haɗa su ba. Ghissa ai Ghissa ne, mai magana a hankali. Ita kuma mai aparaksi ce, ciwo mai sunan Faransanci. Dassin ta sha ce min irin na ƙanena ne, ina cewa haba, bar haɗa min ɗiya da wannan.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Zafi ne.

Juma'a 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Banje Akokan ba. Na tura mangwaro.

Lahadi 27 ga Afrilu, da hantsi

Shiru.

Talata 29 ga Afrilu, ƙarfe 6 na yamma

Ghissa ya dawo. Ban jira ya je gida ba, na tare shi a garaji yana wanke tankin motarsa, ƙura har cikin gira. Yana ganina yace, "Tulu. Ka... rame. Wa ya sha ruwan?"

Ban rama ba. Ya kalle ni ya ajiye tiyo. Muka zauna a inuwar mota.

Zan rubuta maganarsa a miƙe, bazan sa tsaye-tsayen ba. Na gama da wannan.

Nace ƙanena, kai yaushe ka fara magana. Yace har ya shekara takwas kalmominsa basu cika yatsun hannu biyu ba. A garkarsu ta Iferwan raƙumi ke jan ruwa daga rijiya, ya tafi ya dawo, guga ya zube. Tsohuwarsu sai ta zaunar da shi bakin rijiya, ta riƙe masa haɓa ya kalli bakinta. Duk guga ɗaya kalma ɗaya. Aman, wato ruwa. Guga ya zo, aman. Guga ya zo, aman. Wata guda a kan kalma ɗaya. Bata san wata madam ba, bata san sunan ciwo ba, ta dai ga in yana kallonta kuma ana bin tafiyar raƙumi abin ya fi fitowa.

Nace ka taɓa dainawa? Yace ya taɓa. Wani baƙo ya zo sayen albasa ya kwaikwaye shi, yara suka ɗauka. Nace kwana nawa kayi shiru. Yace shekara guda.

Nace me ya dawo da kai. Yace ba abin mamaki bane, wani tsoho ne mai gyaran guga, in ya tambaye shi abu sai ya zauna yana ɗinki yana jira. Baya ƙarasa masa, baya cewa yi sauri. Wata rana jiran yayi yawa har kunya ta kama shi ya amsa.

Sai yace, "Dube ni yanzu. Da bakina na nemi aure. Da bakina na ci permi na tuƙi. Shingen sojoji nawa ne daga nan zuwa Tchibarakaten, duk da bakina nake wucewa, harshe uku. In na gaji yana kama ni. In nayi fushi yana kama ni. Kalma sabuwa mai tsawo sai na yanka ta gida-gida. Shi kenan abin da ya rage. Radiyya a shekara shida tana da talatin da ɗaya, ni ina da bakwai. Zata wuce ni."

Na ji daɗi har na fara dawowa daidai. Nace ai shi ya sa nake cewa jinina ne. Sai na tambayi abin da bai kamata ba. Nace amma kai ai kana dariya in ina yi.

Yace, "Ance ba a fushi da abokin wasa. Sai nayi dariya."

Nace shekara tara? Yace tara.

Nace ka yafe min. Yace kai, tashi, wa ya taɓa ganin an roƙi abokin wasa gafara, zaka jawo mana fari. Sannan yace, "Na yafe. Amma naka ciwon ya fi namu. Mu hanya ce bata da kyau. Kai birki ne babu."

Wannan ta shiga. Da a fada ya faɗe ta da na mutu.

Laraba 30 ga Afrilu, da safe

Ghissa yace Dassin ta haɗa kaya, ranar Litinin zasu kama hanyar Iferwan. Ya roƙe ta ta bashi Asabar. Zai zo fadarmu da Radiyya, shi zai bada labari. Sharaɗi guda, ni bazan ce uffan ba har ya gama. Ba taimako, ba ƙarasa masa kalma, ba tari.

Nace wannan ai wasa ne. Ni in na so shiru ko dutsen Ayar bai kai ni ba.

Alhamis 1 ga Mayu, bayan azahar

Na gwada. Na ɗauki wani malami daga kasuwa zuwa tasha da niyyar bazan yi magana ba. Mun kai wurin masu kankana na tsinci kaina ina bashi tarihin tayar baya.

Na samu Mano nace ranar Asabar duk wanda yayi dariya kafin labari ya kai wurin dariya, ni da shi ne. Yace to wa ya koya mana? Nace zuba shayi malam.

Juma'a 2 ga Mayu, da yamma

Gobe. Ba abin tsoro. Na wanke moto sau biyu.

Asabar 3 ga Mayu, bayan magariba

Dole in rubuta tun da zafinsa.

Sun zo bayan la'asar. Ghissa da rawaninsa sabo, Radiyya riƙe da ɗan yatsansa. Dassin bata shigo cikin maza ba, ta zauna ƙofar gidan Mano wurin matarsa, inda zata ji komai. Mu goma sha ɗaya ne. Radiyya ta zauna a cinyar kawunta, bata kalle ni ba.

Ghissa yace zai bada labarin kunamar da ta shiga ɗakin Muktari bara. Kai! Ashe Dassin ta kai masa wannan.

Ya fara. A kalma ta huɗu ya tsaya. Leɓen ya fara nema. Na san kalmar, katifa ce, tana kan harshena tana tsalle. Na cusa gefen rawanin Mano a baki na cije. Fada tayi tsit, ana jin butar shayi na tafasa. Wani yaro matashi ya fara murmushi, Mano ya taka masa ƙafa. Radiyya ta ɗaga kai tana kallon bakin kawunta. Bai sunkuyar da kai ba, bai ce ku yi haƙuri ba. Ya ja numfashi ya sake ɗaukowa daga farko. Katifa ta fito. Ya wuce.

Haka ya dinga yi. Ya tsaya, mu jira, ya wuce. Kuma abin haushi, mutumin nan ya iya labari. Ni ina zuba magana kamar famfo, shi kuwa yana ajiye ta ɗaya ɗaya, kafin ta iso kowa ya miƙa wuya. Da ya kai wurin da na haye durom ɗin ruwa da gajeren wando ina kiran sunan unguwarmu ta Damagaram, murfi ya karye na faɗa ciki, fada ta fashe. Mano ya kwanta a ƙasa. Dariyar labari ce, ba ta baki ba. Na san bambanci, sana'ata ce.

Radiyya ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta kalli kawunta. Kafaɗunta suka fara rawa.

Ghissa yace ya gama, a sake ni. Na tofar da rawani na miƙe. Nace jama'a ku ji gaskiya, durom ɗin na hau ne don in hango ta da kyau. Kunamar nan ta kai tafin hannuna, baƙa ƙirin. Daga sama na diro mata da takalmi ɗaya, ni kaɗai, mata da yara suna bayana suna kuka.

Sai na ji wani ƙaramin sauti. Na juya. Bakin Radiyya a buɗe, leɓe na nema. Fuskarta ta murtuke kamar ta alƙali. Ban ce komai ba. Ba wanda yace komai. Ta rufe, ta sake buɗewa. Hannunta ya taso zai rufe bakin, Ghissa ya riƙe hannun a hankali yana kallon wani wuri.

Tace, "Ƙa... ya."

Wani harafi ya faɗi a hanya, amma duk fada ba wanda bai gane ba. Ƙarya. Ta nuna ni da yatsa. Sannan ta juya ta nuna ƙofar gidan Mano tace, "Anna."

Gaskiya ne. Dassin ce ta kashe ta, da murfin tukunya.

Mano yace, "Shedar gani da ido! Rediyo ka mutu!" Aka sake fashewa. Na ga ta ɗan firgita da dariyar, ta duba ko da ita ake. Duk yatsu ni suke nunawa. Na dafe ƙirji na faɗi a tabarma nace an kashe ni, ɗiyar cikina ta tona min asiri gaban duniya. Sai tayi dariya da sauti.

Mutane da yawa sun ce min maƙaryaci a garin nan, har da liman. Ba wanda na taɓa jin daɗinsa sai yau. Hayaƙin gawayi ya shiga min ido, na ɗan zaga bayan gida.

Lahadi 4 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Naje Akokan. Kayan na nan a ɗaure. Dassin tace kalma biyu ba magana bace. Nace haka ne. Ta kalle ni tace, "Baka da lafiya? Kace haka ne?" Tace in zasu dawo, kullum da safe minti goma, ni da yarinya, in tana nema in rufe bakina har ta samu. Kuma duk Juma'a a kai ta wurin kawunta. Kuma abin nan na wurin suna an binne shi. Nace tun jiya nayi masa sallah.

Bata ce eh ba. Amma tace in tafi da ƙullin tukwane tunda da moto nazo.

Talata 6 ga Mayu, bayan azahar

Sun dawo jiya. Na faɗa tun farko na san matata, ranar ce kawai na ɗan kuskure.

Madam ta kira, tace kar mu yi zaton gobe zata karanta labarai, akwai shekaru a gaba, wata rana gaba wata rana baya. Nace madam muna nan, ba inda zamu.

Da safe munyi minti goman. Kalmar yau kofi ce. Bata fito ba, ko kusa. Na jira har gumi ya keto min, ta gaji ta tafi wasa. Gobe kuma.

Amma daga safe zuwa yanzu ta ƙaryata ni sau huɗu. Biyu daga ciki wallahi gaskiya na faɗa. Na bar mata.